Yadda muka raɗa wa katunan kafe suna

Kwanakin baya aka kira ni wani ofis a GRA, wai intanet ɗinsu ta tsaya. Na zauna gaban kwamfutar, na ce ta nuna min sunan ƙofar da wayar intanet ke shiga. Ta rubuto min enp3s0. Na tsaya ina kallon abin. Wannan suna ne ko lambar mota? Na san dalilinsa, ba sai an yi min bayani ba. Yanzu kwamfuta tana duba ramin da aka soke katin intanet ne ta ciro masa suna daga nan, don kada ya riƙa canjawa. Dabara ce, kuma tana aiki, ban ce ba ta aiki ba. Amma bakina ba ya iya kiransa, kaina ba ya iya riƙe shi, sai na duba na sake dubawa kamar mai kwafe a jarrabawa. Na gyara musu abinsu, suka ce min sannu ba tare da sun ɗago kai ba, na fito na tari keke. Har muka iso gida hankalina yana Gomari.

Ni karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, kuma ba dalilin na zo faɗa ba. Gyaran rediyo nake yi a rumfar kawuna a Ajilari lokacin da Oga ya ɗauke ni. Oga Ibo ne, amma a garin nan ya yi wayo, Hausarsa ma da karin Barebari take fita. Yana da shagon kayan wuta a kasuwa, sai ya ga samari suna ta zancen intanet, ya kama wani dogon ɗaki a Gomari kan hanyar filin jirgi, ya buɗe kafe, wato shagon intanet, ya jera kwamfutoci, ya ɗora dish, babban kwanon da ke jawo intanet, a kan rufi. Aikina shara, sayar da tikitin lokaci, tayar da janareta, da taɓa duk abin da ya ƙi aiki har ya yi. Wannan na ƙarshen ne ya sa aka fara kirana Injiniya. Da ba'a aka fara, daga baya ya bi ni.

Ban taɓa jin daɗin wuri kamar wurin nan ba, kuma ban sake ba. Jirgi ya wuce, kwanon rufi ya yi rawa, kowa ya yi shiru ya jira. Ɗalibai su haɗu su uku a kujera ɗaya. 'Yan kasuwa su zo a rubuta musu saƙo zuwa Jidda ko Dubai, su tsaya a kanka suna cewa ka ƙara gaisuwa. Wani ya yi maka Barbarci, wani Larabcin Shuwa, wani Turanci, duk a ƙarshe a haɗu a Hausa. Idan shafi ya ɗauki lokaci bai buɗe ba sai a yi hira. Yanzu kowa intanet ɗinsa na cikin aljihu, ya sunkuyar da kai, ko sallama ba ya amsawa.

A can baya akwai wani ɗan lungu inda babbar kwamfuta take, wadda muke kira uwa. Wani mutum daga Legas ne ya zo ya ɗora mata manhajar Linux, ya karɓi sallamarsa ya tafi, daga nan layinsa bai ƙara shiga ba. A bayanta akwai kati biyu. Kati ɗan allo ne mai rami ɗaya inda wayar intanet ke shiga. Waya ɗaya ta hau rufi wurin dish, ɗaya ta shiga zaure wurin kwamfutocin jama'a. Uwa tana kiran ɗaya eth0, ɗaya eth1, kuma duk umarnin da mutumin Legas ya bar mata da waɗannan sunaye ya rubuta shi: abin da ya shigo ta eth0, a raba shi ta eth1.

To ga inda matsalar take. Uwa ba ta san katunanta ba. Duk lokacin da aka kunna ta, wanda ya riga farkawa shi take ba eth0. Katunan kuwa ba kamfani ɗaya ba ne, yau wannan ya riga, gobe wancan. Da a garin da wuta ba ta ɗaukewa ne, sai a shekara ba a lura ba. Mu kuwa kafin azahar an ɗauke an kawo ya fi a ƙirga, batirin da ya kamata ya riƙe ta kafin janareta ya tashi kuma ya daɗe da mutuwa. Sai uwa ta farka ta juya fuska, tana neman intanet a zaure, tana miƙa wa dish tikiti.

Ban san wannan bayanin ba a lokacin. Abin da na sani shi ne wata rana da haushi ya ishe ni na zare wayoyin biyu na musanya musu rami, sai na ji zaure ya ɗauki ihu, ta zo, ta zo. Shi ke nan ya zama aiki. Wuta ta dawo, a jira uwa ta tashi, idan shiru sai ka ji an haɗa baki, “Injiniya, juya!” In shiga lungu, in durƙusa, in juya. Har baƙon da bai san kan zance ba sai ka ji yana taya su. Oga ya ce kada in kuskura in gaya wa masu kafen da ke gaba da mu, wai sirrin sana'a ne. Mun daɗe a haka kuma babu wanda ya ga aibu.

Sai kamfanin dish ya ƙara farashi. Wata safiya kafin a buɗe, Oga ya zaunar da ni a bencin waje. Ya ce, “Ƙanena, zan gaya maka gaskiya. Tikiti kaɗai ba ya ɗaukar kwanon nan. Idan ba mu samu wanda za mu raba layi da shi ba, zan sauke shi in koma shagona. Kai kuma ka koma wurin kawunka.”

 Rumfar kawuna na sani, da ƙaurin dalma da tsofaffin da ke kawo rediyon da ya girme ni. Na gwammace komai da komawa can.

Wadda ya samo ita ce Hajja. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da ofishinta, inda take yanka wa mutane tikitin jirgi, masu Umara da 'yan kasuwa. Babarbariya ce, doguwa, ta manyanta, tun kafin ta shigo ƙamshin turarenta yake sallama. Ta yarda a ja mata waya, da sharaɗin layinta ba tikiti, ba jira, ba wani yaro mai kallon ƙwallo da zai janye mata ƙarfi. Na shiga kasuwa na sayo kati na uku, na huda katanga, na zura waya. Na kwaikwayi rubutun mutumin Legas na ƙara eth2, na ba shi babban rabo. Ranar farko abin ya yi kyau har ta aiko mana da shayi.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, da waya biyu juyi ɗaya ne, ko daidai ko akasi. Da uku kuwa sai ka yi ta gwaji kana gumi. Wannan ma da sauƙi, don idan na dish ne ya ɓata kowa zai sani, za a yi ihu. Mugun shi ne ranar da na zaure da na Hajja suka yi musanya. Dish yana nan daidai, zaure yana gudu kamar ba gobe, samari suna ta yabona, babu ma wanda aka tambaya tikiti. Ina zaune ina cin gyaɗa sai na ji turare.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta gaishe ni da Barbarci ta ce, “Wushe, Injiniya.”

Na miƙe na ce, “Wushe, Ya Hajja. Lafiya?”

“Lafiya lau. Na zo sayen tikiti ne. Na awa nawa za ka ba ni?”

“Wane tikiti kuma, Ya Hajja?”

“Wanda kwamfutata ke tambayata tun safe. Ina da mutum zaune da jakarsa, kujera ɗaya ta rage a jirgin gobe, ni kuma allo yana ce min in je wurin mai kanti in sayi lokaci. To ga ni wurin mai kanti.”

Sai wani ɗan iska can baya ya ce a hankali, “Injiniya, juya.” Aka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Na ruga lungu na juya, amma kafin layinta ya dawo kujerar ta tafi.

Da ya sake faruwa ba ni ta nema ba, Oga ta sa aka kira daga kasuwa. A gabana ta ce masa, “Maƙwabci, ni da kai ba mu taɓa faɗa ba, kuma ba za mu fara a kan waya ba. Ran Asabar bayan la'asar zan zo. Ni da hannuna zan kashe janaretanka, in kunna, in kashe, har sai na gaji. Idan sau ɗaya ɗan nan ya shiga lungun can ya taɓa waya, ku zare taku daga katangata, ku toshe ramin da siminti.”

Da ta fita Oga ya dube ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, “Ka ji dai.”

Amsar tana cikin intanet ɗin da nake sayarwa, na san da haka. Turancin ne ya fi ƙarfina. Ina gane kalma ɗaya-ɗaya, amma idan Bature ya ja jimla ya lanƙwasa ta sai in ɓace a tsakiya. Akwai wani tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, kullum da hantsi yana zuwa karanta jaridu a kwamfutar da ke kusa da taga. Turanci kam ya sha shi, amma ko linzamin kwamfuta da hannu biyu yake riƙewa. Na je na durƙusa gefensa na ce, “Allah ya gafarta Malam, karatu nake so a yi min.”

Ya gyara tabarau ya ce, “Yau kuma Injiniya ne da neman ilimi? Kawo.”

Haka muka yi ta yi, shi ya karanta ya fassara, bai san me yake faɗa ba, ni in ji in gane abin da ban iya karantawa ba. Wani wurin ya tsaya ya ce wannan Turancin ba na mutanen kirki ba ne, babu waƙafi babu aya. Har muka kai inda wani ya yi bayani dalla-dalla. Ashe kowane kati da wata doguwar lamba yake fitowa daga masana'anta, tasa shi kaɗai a duniya. Sai ka rubuta wa uwa doka: duk katin da ke ɗauke da lamba kaza, sunansa kaza, ko shi ya fara farkawa ko shi ne na ƙarshe.

Malam ya cire tabarau ya ce, “Ikon Allah. Wato duk zaman nan ba a yi musu suna ba? Babba da Ƙarami kawai ake kiransu, kuma kullum sai an sake haihuwa?”

Na ce, “Haka ne, Malam.”

Na rubuta dokar da tsofaffin sunayen, na kashe na kunna. Ta yi daidai, ta sake yin daidai, sai kuma ta rikice, kati ɗaya ya fito da wani suna da ban taɓa gani ba. Na koma wurin Malam. Muka ƙara karatu. A ƙasa wani ya rubuta cewa kada ka yi amfani da sunan da uwa ke rabawa da kanta, don kafin dokarka ta iso ta riga ta ba wani, sai a yi karo. Ka zaɓi naka sunan, kowane iri, in dai gajere ne.

Kowane iri. Na daɗe ina kallon wannan wurin. Tun da na fara taɓa kwamfuta ita ke gaya min sunan abu ina haddacewa. Ban san ana iya gaya mata ba.

Kuskurena ɗaya, na faɗa da ƙarfi. Nan take zaure ya zama majalisa. Wani ya ce a sa sunan ƙungiyar ƙwallonsa. Wani ya ce sunan budurwarsa, aka ce wadda ta ƙi ka? Oga da ya zo da yamma ya ce tun da shi ya sayi katunan, sai a sa sunan Ibo, ya faɗi wani mai tsawon igiyar guga, na ce ba zai shiga ba. Wani ɗan kasuwa ya rantse idan ba a sa Barbarci ba a garin Barebari ya daina zuwa. Na bar su suka gaji, sannan na rubuta abin da ke raina. Wanda ya hau rufi, sama. Wanda ya shiga zaure, ƙasa. Na ukun na sa masa maƙwabci. Daga nan na bi duk inda mutumin Legas ya ambaci tsofaffin sunaye ina gogewa ina sa sababbi, wurin tikiti, wurin rabon ƙarfi, wurin da ke tare ɓarayi. Wannan ya fi komai cin rai, don idan ka manta guda ɗaya ba za ta gaya maka ba, shiru kawai za ta yi.

Ran Asabar na iso na tarar Oga ya riga ni, da leda cike da goro da dabino da alewa. Na ce na mene ne? Ya ce, “A garin nan na girma. An taɓa raɗin suna ba goro?” Aka ce Malam ya yi huɗuba. Ya ce shi ba ya yi wa ƙarfe huɗuba, kada a ja masa zunubi da tsufansa, amma zai yi wa wurin addu'a da masu cin abinci a cikinsa. Ya ɗaga hannu, muka ɗaga, Oga ya cire hularsa ya sunkuyar da kai. Aka shafa, aka raba goro. Wani ya tambaya ina rago, Oga ya ce idan jariran sun kwana.

Bayan la'asar Hajja ta shigo. Ta bar akawunta a ofis gaban kwamfuta, ta ce idan layi ya zo ba tikiti ya yi magana ta katanga. Ta ga goro ta tambaya, aka gaya mata. Ta ce in nuna mata sunayen. Na buɗe allon, ta sunkuya tana bi da yatsa.

“Wannan na ukun fa?”

“Naki ne, Ya Hajja. Maƙwabci.”

“Ka ga gemu a fuskata?”

“A'a.”

“To gyara.”

Na ce maƙwabciya ya yi tsawo a baki. Ta ce, “Ni ba ni da abin da ake kirana da shi ne?” Na goge na rubuta hajja, na bi sauran wuraren ina canjawa, ina addu'ar kada in tsallake ko ɗaya. Ta sa aka ɗauko min kujera aka ajiye a tsakiyar zaure, nesa da lungu. Ta ce, “Zauna nan, ɗana. Ɗora hannuwanka a gwiwa inda zan gan su.”

Ta fita baya, ta tattare lafayarta, ta murɗe makunnin janareta. Fankoki suka tsaya. Ta sa aka ja igiya ya tashi. Ni tsorona ma ba na suna ba ne a lokacin, tsorona kada wannan kashe-kashen ya lalata faifan uwa gaba ɗaya. Kuma da yake an kashe ta ba sallama, sai ta tsaya duba kanta kafin ta tashi, lambobi suna hawa a hankali.  Wani ya buɗe baki zai ce juya, Malam ya harare shi ya haɗiye.

Can sai muka ji muryar akawu ta bayan katanga, “Ta zo, Hajja! Ba tikiti!”

A zaure ma ta zo, kuma ta tambayi tikiti yadda ya kamata, samari suka yi tsaki. Hajja ta koma ta sake kashewa. Ta sake. Wani karon ma ba ta bari uwa ta gama tashi ba ta kashe. Oga ya matso kusa da ni yana raɗa, “Za ta ƙona min janareta.” Na ce, “Oga, ni an ce kada in motsa.” Gumi ya jiƙa min riga har wando. Kowane karo sai mu jira, sai akawu ya yi ihu, har muryarsa ta fara dushewa, daga baya ma katangar kawai yake bugawa da wani abu.

Sai da aka kusa kiran magariba ta shigo tana goge hannu da hankici. Ta ɗauki goro ɗaya ta ɓare, ta ba ni rabi. Ta dubi Oga ta ce, “Bar kwanonka a kan rufi. Amma ka saya wa abin nan batir, tsoho da kai kana wasa da wuta.” Ta juya gare ni ta ce, “Kai kuma tashi, ka zauna kamar ango.”

Na tashi ƙafafuna sun yi tsami. Aka watse zuwa masallaci. Da na dawo na tarar Oga a bencin waje yana cin ragowar dabino. Ya ce mai kemis na tsallaken titi ya tsaya a taga ya ga komai, yana so shi ma a ja masa, don haka Litinin in shiga kasuwa in nemo kati na huɗu.

Na ce, “Oga, babu sauran rami a bayan uwa.”

Ya tofar da ƙwallon dabino ya ce, “To ka nemo rami. Ba kai ne Injiniya ba?”